Rabin Kan da Kika Bari a Teburina

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Clara ta kira ni daga wani asibiti a Birmingham ta ce, "Uncle, Mummy ta tafi." Ina tsaye a shagona na unguwar Levenshulme a Manchester, hannuna duk yumɓu, sai da na goge yatsa ɗaya a jikin wando kafin na iya ɗaukar wayar. Haka labarin rasuwarki ya same ni, Yaya Justina Nyam, bayan wata goma sha huɗu kina fama da ciwon daji. Kin rasu kina da shekara hamsin da shida. Kin bar 'ya ɗaya tilo, Clara, da yayanki Baba Dung da ke Old Trafford, da dangi a Vom, da mu da muka daɗe muna cin arzikin hannunki.

Ni kuwa kin bar mini abin da ya hana ni yin makokinki cikin natsuwa har mako uku. Kin bar mini siffar kanki a kan tebur, bayanta da gashi, gabanta babu ko sili, tare da gwangwanin biskit da ke ɗauke da sauran gashinki na gaske. Kin sa na yi miki alkawarin cewa Clara ce za ta riƙe wannan abu bayan ranki. Yayanki kuma ya ce sai an binne ki da kowane sili, har wanda aka riga aka dasa. Babu takarda, babu shaida, daga ni sai ke muka yi maganar, ke kuma kin yi shiru. Sai yanzu da ƙurar ta lafa nake iya zama in rubuta miki wannan.

Ga wanda bai san sana'armu ba, mutum-mutumi muke ƙerawa daga kai zuwa kafaɗa, irin wanda masu tara irinsa ke saya su jera a falo bayan gilashi. 'Yan dambe, sojojin da, jaruman labarai, wani lokaci kuma kakan wani da aka kawo mana hotonsa. A wannan sana'a akwai wata tsohuwar gardama da ba ta ƙarewa, a kan gashi. Wasu irina suna sassaƙa gashin ne a jikin yumɓun, layi-layi, a zuba shi da roba mai tauri, a shafa masa launi. Wasu kuma suna zuba kan da silikon, wata roba mai laushi kamar fatar mutum, sannan su dasa gashin gaske a ciki da allura, sili ɗaya ko biyu a kowane suka. Ni Kambai Iliya ina ɓangaren farko tun ina saurayi a Zonkwa, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Ke ce kika zo kika kafa ɓangare na biyu a tsakiyar shagona, shekara goma sha biyu muna ja.

Ban manta ranar ba. A lokacin aikin kula da tsofaffi kike yi, ranar Asabar kuma kina kitso a ɗakinki. Mun san juna a coci sama-sama, gaisuwa kawai. Kina jiran bas a titin Stockport, kika hango wani ɗan dambe da na ajiye a taga, wanda na kwashe mako shida ina aikinsa kuma nake alfahari da shi. Kika turo ƙofa kika shigo, kika daɗe kina kallonsa, sannan kika ce, "Fuskar kam kamar zai yi magana. Amma wa ya kifa masa ƙwarya a ka?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce idan kin iya wanda ya fi shi, ga fili. Asabar ta gaba sai ga ki da allurar ɗinki da kika datse kan idonta ta zama ƙaramin cokali mai yatsu biyu, kin cusa ta a jikin tsohon biro. Tun daga ranar sunan aikina a bakinki ya zama ƙwarya, ni kuma na zama Mai Yumɓu. Ko a gaban baƙi haka kike kira na.

Hujjata a kullum ɗaya ce, kuma har gobe ban janye ta ba. Gashin da aka sassaƙa ba ya zuba, asu ba ya cin sa, rana ba ta koɗar da shi, ƙura ba ta maƙale masa, yaro ba ya fizge shi. Yadda na bar shi haka jikan mai shi zai same shi bayan shekara ɗari. Naki kuwa sai an yi ta lallaɓa shi, a taje, a rufe, a ɓoye shi daga taga. Ke kuma ba ki taɓa musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Cewa kawai kike yi, "Kai ido kake yi wa aiki, ni hannu nake yi wa." Kuma na sha gani da idona. Mutum zai tsaya gaban nawa ya gyaɗa kai ya yaba. Idan ya iso gaban naki sai hannunsa ya tashi da kansa, sai mun ce kada a taɓa.

Inda kika fi kowa shi ne gashin baƙar fata. Kafin ke, wanda ake dasa wa irin mutanenmu abin tausayi ne, miƙaƙƙen gashin dabba da aka ɗan murɗa da zafi, bayan wata biyu ya saki. Ke sai kika koma ga kitson zare na gida. Ki naɗe gashin da zare tam, ki tafasa shi a tukunyar da kika keɓe, ki shanya a kan abin ɗumama ɗaki, kwana uku ki kwance, sai ga shi ya nannaɗe irin namu sak. Ki fara dasawa daga ƙeya, ki hau sama a hankali, kina karkata allurar zuwa inda gashin mutum ke kwanciya, goshi ne na ƙarshe, sili ɗaiɗai. Sau nawa kika ce in zauna ki koya mini. Nakan ce ni ba manomi ba ne da zan yi ta dashe. Wannan magana ta dawo mini daga baya.

Alherinki ba a shago ya tsaya ba. Akwai yaran da hukuma ke ba Turawa riƙo, 'ya'yan baƙar fata waɗanda gashinsu ke dunƙulewa don masu riƙon ba su san yadda ake yi da shi ba. Kowace Asabar ta ƙarshen wata ɗakinki cike yake da su. Ki tsefe, ki wanke, ki kitsa, ba ki karɓar komai, sannan ki zaunar da uwar riƙon ki kama mata yatsu har sai ta iya raba gashi gida uku. Lokacin da matata Sabuwa ta yi ɓari ta kwanta mako biyu ba ta magana da kowa, mutane sun zo da addu'a da abinci, Allah ya saka musu. Ke da mataji kika zo. Kika zauna a bayanta kika tsefe kitson da ya yi wata biyu a kanta, ba ki ce mata uffan ba. A ranar ta fara kuka, a ranar kuma ta fara cin abinci.

Akwai kuma ɗabi'arki da nake yawan tsokanarki a kai. Duk wadda kika yi wa kitso, sai kin tsince kowane sili da ya zuba, na ƙasa da na jikin mataji, kin ƙunshe a takarda kin miƙa mata, kin ce ta tafi da abinta. Nakan ce, shugabar zumuntar matan coci guda, a tsakiyar Manchester, tana tsoron masu asiri? Kikan ce ba tsoro ba ne, tarbiyyar mahaifiyarku ce: gashin mutum jikinsa ne, ba a barin sa a hannun baƙo. Ban san wata rana da wannan maganar taki za a yaƙe ni ba.

A watan Janairun bara aka gano ciwon. Kafin a fara ba ki maganin da ke zubar da gashi, kika rufe ƙofa kika aske kanki da hannunki, kika ɗaure gashin ƙulli-ƙulli kika jera a gwangwani. A watan Maris kika kawo shi shago kika ajiye a gabana. Kika ce in ƙera kanki, in zuba shi da silikon, ke za ki dasa gashin da kanki. Kika ce kin yi wa rabin Manchester kitso amma ba ki taɓa samun zama kin koya wa 'yar cikinki ba, kullum akwai kan wata a tsakanin gwiwoyinki. Kika ce tun tana jaririya Clara ba ta barci sai ta cusa hannu a gashin ƙeyarki, kuma tun rasuwar mahaifinta Eli ba ta da kowa a gidan sai ke. Hoto kam akwai su da yawa. Abin da za ta sa hannu a ciki kike so ki bar mata.

Na ƙi. Ga laifina, kuma gara in faɗe shi a fili. Na ce wannan rashin bangaskiya ne, muna azumi muna roƙa miki warkewa ke kina shirya abin tunawa. Na ce idan ma za a yi, a bar ni in sassaƙa, ya daɗe har jikokin Clara su gani. Kika ce Clara ba shekara ɗari take nema ba. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji, domin ɗaukar awon fuskarki daidai yake da yarda cewa za ki tafi. Akwai kuma girman kai a ciki, ban ɓoye ba. Wata biyar na yi ina kewaye-kewaye, yau babu silikon, gobe aiki ya yi yawa. Ba ki sake roƙo na ba, sai dai duk ranar da kika shigo ki dubi gwangwanin a kan kanta, ki dube ni. Sai a watan Agusta na zuba kan. Lokacin da kike da lafiya, mako uku ya ishe ki ki dasa kai guda. Watannin nan biyar da na cinye su ne watannin da yatsunki ke jin allura.

A watan Satumba kika koma unguwar Selly Oak a Birmingham, kika kama ɗan ƙaramin ɗaki kusa da gidan ɗaliban da Clara ke zaune. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana ta maganar ajiye karatu ta dawo jinyarki, sai kika ga gara ke ki bi ta. Ni na kai miki kan a jirgin ƙasa, a cikin jaka a kan cinyata. A ƙa'idar aikinmu ana naɗe fuska da ƙyalle lokacin dashe don kada launin ya lalace, saboda haka Clara ta yi ta ganin ki bakin taga kina aiki, tana zaton kan wani mai saye ne, har tana yi miki faɗa ki huta. Ba ki so ta san kina shirin tafiya tana tsakiyar jarrabawa. Duk mako biyu nakan zo in tarar kin ƙara faɗin yatsa biyu. Magani ya kashe miki jin yatsu, allura na faɗuwa ba ki sani ba. A watan Fabrairu kika kai maɗiga, kika tsaya. Kika tura mini kan da gwangwanin kika ce, "Mai Yumɓu, ka ƙarasa goshin." Na ce ban iya ba. Kika ce shekara goma sha biyu ina kallo, in ban iya ba ai laifina ne. Nan ne kika sa na yi alkawarin.

Kuskurena na biyu a gidan Baba Dung na yi shi, ranar Lahadi bayan rasuwarki, falo cike da masu gaisuwa bayan an tashi daga sujada. Na ga Clara a takure a gefe, idonta ya kumbura, sai na so in ba ta abin da zai ɗan sanyaya mata rai. Na ce mahaifiyarta ta bar mata wani abu a wurina, na faɗi ko mene ne. A gaban kowa na faɗa. Baba Dung ya ajiye kofinsa a hankali ya tambaye ni ko gashin Justina na gaske nake nufi, kuma tun yaushe yake hannuna.

Ba na so mai karanta wannan ya ɗauki yayanki mugu. Shi ya goye ki kina ƙarama, shi ya yi shekara ashirin yana tuƙin bas a garin nan har ya kawo ki, shi ne dattijon da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Kuma hujjarsa ta fi tawa ƙarfi. Ya ce macen da ba ta taɓa barin silin baƙuwa ya kwana a ɗakinta ba, ita ce za ta kwashi nata duka ta ba namijin da ba danginta ba? Ya ce ya ji ana sayar da irin waɗannan kawuna ga mutanen da ba a san fuskarsu ba, kuma mai gashin mutum ya fi daraja. Ya ce ƙanwarsa ba za ta shiga ƙasa rabi da rabi ba, jikinta a kabari, gashinta a kan gunki. Kalmar nan ta gunki ta soke ni, amma na haɗiye. Ya tambayi Clara ko ta sani. Ta ce ta ga kina aiki a kan wani kai, amma ba ta san na wane ne ba. Shi ke nan, shaidata ɗaya ta rushe.

Aka sa jana'iza ranar Juma'a, huɗu ga Afrilu. Masu shirya gawa suka ce ranar Alhamis da ƙarfe huɗu za a rufe akwatin, ba a sake buɗewa. Baba Dung ya ce kafin lokacin zai zo shago ya karɓi gwangwanin, ya yanke wanda aka dasa daga tushe.

Makonnin nan ban ji daɗinsu ba. Dattawan coci suka kira ni ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, kowa na cewa a bar wa dangi abin dangi. Wasu da muke gaisawa suka fara ɗauke kai. Har Sabuwa, wadda take ƙaunar ki kamar yayarta, ta ce in miƙa, kada sunana ya ɓaci a kan abin da ba ni da shaida. Na kusa yarda. Sai ga Clara ta sauko daga jirgin Birmingham wata Laraba ba tare da ta sanar da ni ba, ta ce in nuna mata. Na kwance ƙyallen. Ta dubi fuskar sau ɗaya ta kau da ido, ta zagaya baya, ta cusa yatsunta a gashin ƙeyar. Ta fi minti goma a haka. Da za ta tafi ta ce da Hausarta ta 'yan nan, "Uncle, please, kar ka bari ya yanke." Na ce to. Ban san da me zan hana shi ba.

Ranar Alhamis da safe na buɗe shago na zauna gaban kan ina dubawa, ina neman duk abin da zai sa ya yi kyau a idon yayanki. A nan na lura da wani gurbi a bayan kunnen hagu, ɗan dogo, bai wuce faɗin babban yatsa ba, babu gashi ko ɗaya. Zuciyata ta karye. Na ce ga inda idonki ya gaza, ga inda yatsunki suka tsallake ba ki sani ba, ke da ba ki taɓa barin gurbi a aiki ba. Na ƙudura ba zan bari a ga kasawarki ba. Na buɗe gwangwanin, na zaro sili, na ɗauki alluranki. Ta farko ta karye. Ta biyu ta shiga amma ta fito da gashin. Ta uku na soki yatsana da ita. Awa biyu ina fama, ban dasa sili ɗaya da ya tsaya ba. Na zagi kaina, na zagi taurin kan da ya hana ni koyo. A ƙarshe na ɗauki mataji na kwantar da gashin sama a kan gurbin, na rufe shi.

Ƙarfe sha biyu da rabi suka shigo, Baba Dung a gaba, Clara a bayansa. Bai zauna ba. Ya ce, "Kambai, ban zo yin argument ba. Ƙarfe huɗu za a rufe, kuma akwai traffic." Na ce, "Baba, ita ta dasa shi da hannunta." Ya ce ya ji, na riga na faɗa. Ya zaro almakashi daga aljihun kwat. Na tsaya tsakaninsa da teburin, ni da ban taɓa ɗaga wa dattijo murya ba. Ya dube ni ya ce in matsa. Clara ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Na duba ta, na duba furfurarsa, na matsa. Na karya alkawarinki a wannan minti, Yaya Justina, kuma ina so ki sani daga bakina.

Ya ƙi kallon fuskar. Ya zagaya ta hagu, ya sa hannu ya ɗaga gashin don ya sami tushe, daidai inda na kwantar. Sai hannun ya tsaya.

Ya daɗe a sunkuye. Ya sa babban yatsa ya shafa gurbin daga sama zuwa ƙasa. Sannan ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, wa ya gaya mini wannan. Na ce babu wanda ya gaya mini komai, kuskure ne, hannunki ya gaza, na yi ƙoƙarin cikewa ban iya ba. Ya ce, "Ba kuskure ba ne."

Ya ja kujera ya zauna, almakashin a kan cinya. Ya ce kina da shekara biyar, shi yana da sha biyu, a gonar accar mahaifinku. Ya ɗaga fartanya bai san kina bayansa ba, ta same ki a bayan kunne. Don kada a doke shi, kika ce wa iyayenku faɗuwa kika yi a kan dutse, kuma ba ki taɓa canza maganar ba har suka rasu. Gashi bai sake fita a wurin ba. Duk rayuwarki kina jan kitso ki rufe shi, ko Eli sai bayan aure ya gani. Clara ta ce ita ba ta taɓa sani ba. Ni da na auna kanki da ma'auni, a lokacin kina sanye da hular da ta rufe kunnuwa, ban sa tabon a yumɓu ba domin ban san da shi ba. Ke kika bar masa wurinsa, kika bi gefensa da allura sili-sili, kika karkatar da gashin yadda yake kewaye tabo a kan mutum. Da a ce na iya dashe, da tun da safiyar nan na shafe shaidar da ta rage mini da hannuna.

Baba Dung ya yi kuka irin na dattawa, babu sauti. Da ya share ido ya ce abin da kika dasa da hannunki babu mai taɓa shi, ke kika ajiye shi a nan. Amma na cikin gwangwani ba ki kai gare shi ba, kuma ba zai bari hannun wani ya dasa shi ba, zai tafi tare da ke. Na buɗe baki zan yi magana, Clara ta girgiza mini kai. Ita ta ɗauki gwangwanin ta rungume. Ya tsince silin da na ɓata a kan tebur, har wanda ya maƙale a karyayyar allura, ya ƙunshe a takarda yadda kike yi. Sun isa wurin masu shirya gawa kafin ƙarfe huɗu da 'yan mintoci.

Bayan jana'iza na zauna da rabin kan da ya rage, babu gashin da zan ƙarasa da shi. Na yi abin da na iya. Na sassaƙa gaban, layin kitso bakwai daga goshi zuwa maɗiga, na zuba, na shafa launi, na haɗa da naki. Mahaɗin yana nunawa, duk ƙoƙarina ban iya ɓoye shi ba. Na san abin da za ki ce idan kin gani, har ina jin muryarki: an kifa miki rabin ƙwarya. Na kai wa Clara shi Selly Oak a jirgi, a cikin jakar nan dai, a kan cinyata. Makon jiya ta aiko mini hoto. Sabuwa ta je ta kama mata yatsu, Clara ta yi kitsonta na farko a gashin ƙeyarki. Ya karkace, wani layin ya fi wani kauri. Gaban da na sassaƙa yana nan tsaf yadda na bar shi, kuma ta ce ba ta taɓa shi ba ko sau ɗaya.

Ki yafe mini wata biyar ɗin nan, Yaya Justina. Ki yafe mini matsawar da na yi daga gaban tebur. Ubangiji da kika bauta wa da bakinki da yatsunki ya yi miki jinƙai, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki cikin hutunsa inda babu ciwo. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Dung, Allah ya sauke masa nauyin da ya ɗauka tun yana yaro, ya ba shi haƙurin rashin ƙanwar da ta rufa masa asiri shekara hamsin. Ina miƙa ta ga dangi na Vom, da zumuntar mata, da yaran nan da za su zo Asabar ta ƙarshen wata su tarar da ƙofa a rufe. Clara kuma, Allah ya zama uwa da uba a gare ta, ya ba ta nasara a karatunta, ya sa albarkar hannunki ta sauka a nata. Allurarki ta ƙarshe tana nan a shago, na fara koyo da ita a kan ɓallin silikon, jiya sili huɗu suka tsaya. Ki huta lafiya, sai mun sadu. Amin.

Kambai Iliya, Mai Yumɓu
Levenshulme, Manchester